Kwallin da ke cikin tandunmu: ismid ne ko dalma?

A Fagam, kamar sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, da wuya a je suna ba a ga jariri da kwalli a ido ba. Kaka ce kan ɗauko tandu ta zizara wa jikanta, da fatan idonsa ya yi haske. Al'adar tana da tushe a addini, domin hadisan da Abu Dawud da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito sun nuna Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da yin kwalli da ismid, saboda yana ƙara gani, yana kuma tsirar da gashin ido. Abin tambaya shi ne, shin abin da muke saye a kasuwa ismid ɗin ne?

Galibin masana sun fassara ismid da dutsen antimoni. Sai dai yana da wani takwara mai suna galina, wato dutsen dalma, wanda ake haƙowa a Zurak ta jihar Filato da yankin Abakaliki. Dukansu launin toka ne mai ƙyalli, kuma da zarar an niƙa su ido ba ya iya rabe su. Mai talla ma sau da yawa bai san wanne ne a faifansa ba.

A nan ne aikin ɗakin binciken sinadarai yake. Masani kan fara da awo, domin galina ya fi nauyi: idan aka gwada shi da ruwa daidai girmansa yakan ninka shi kusan sau 7.5, shi kuwa dutsen antimoni kusan sau 4.6. Galina kan fashe gutsi-gutsi masu kusurwa huɗu, antimoni kuwa tsinke-tsinke yake, har harshen kyandir kan narkar da ɗan ɓarɓashinsa. Idan gari ne, sai a narkar da kaɗan a ruwan asid, a ɗiga masa sinadarin fotasiyam ayodayid. In da dalma a ciki, wani gari rawaya zai kwanta a gindin kwalba. Akwai kuma na'urar XRF, mai haska abu ta faɗi ƙarafan da ke cikinsa.

Irin wannan bincike ne ya warware wani lamari a birnin Boston na Amurka a 2011. An sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya, ba a kuma ga mafarinta a gidan ba sai da aka gwada kwallin da ake sa masa, wanda aka sayo a Ilori. Hukumar CDC ta bayyana cewa kashi 82.6 cikin 100 na kwallin dalma ce.

Arewa ta san ɗacin wannan guba. A 2010, ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma gwajin jini ne ya tona asirin cutar. Gubar kwalli kuwa a hankali take shiga: yaro ya murza ido, ya tsotsi yatsa, ta taru a jiki tana taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa.

Kare rai da hankali suna cikin manufofi biyar na Shari'a, kawar da cuta kuma ƙa'ida ce a fiƙihu. Kwalli abin so ne, ba farilla ba, kuma sunan da aka laƙaba wa dutse ba ya mayar da shi ismid. Don haka iyaye su kame hannu daga sa wa jarirai kwallin da ba a gwada ba, wanda ya daɗe yana sa wa ɗansa kuma ya nemi shawarar likita kan gwajin jini. Ya kamata limamai su faɗakar a mumbari, hukumar NAFDAC da jami'o'inmu kuma su riƙa ɗibar samfuri daga kasuwanni suna sanar da jama'a sakamako. Allah Ya kare mana zuriya.