Ka biya kuɗin 'yan tsaki ta intanet, ba su iso ba: wane kuɗi ne ke dawowa?



Da yawa daga cikin 'yan tsakin da muke kiwo a Arewa daga Ibadan da kewayenta suke tasowa, shi ya sa da wuya sabon makiyayi ya ga fuskar wanda ya tura wa kuɗi. Lambar waya ce kawai, da hoton kwalaye a WhatsApp, da lambar asusu. Haka ma 'ya'yan tarwada da buhunan abinci. Ranar da aka ce mota za ta iso ta zo ta wuce, a kira waya a ji ta a kashe. Sai a turo min: "Malam, banki zai iya dawo min da kuɗina?" Ni kuma in tambaya: ta wace hanya ka biya?

In da katin banki ka biya, Visa ko Mastercard ko Verve, a shafin mai kayan ko ta Paystack ko Flutterwave, to kana da ƙofa. Ma'aikatan banki suna kiranta cajbak. Bankinka zai shigar da ƙorafi ta hannun kamfanin katin zuwa bankin mai kayan, a ba shi dama ya kawo shaidar cewa ya aiko. In ya kasa, a cire kuɗin a dawo maka da su. A dokar Visa da Mastercard, wanda kayansa ba su iso ba yana da kwana 120 a mafi yawan lokuta. Amma kar ka zauna kana ƙirga su, ka je da wuri.

In kuma tiransifa ka yi, gaskiya magana ta canja. Kuɗin suna bi ta NIBSS su faɗa asusun mutumin cikin daƙiƙu, kuma babu cajbak a nan. Abin da bankinka zai iya shi ne ya sanar da bankin wancan a yi ƙoƙarin tsare asusun, dawo da kuɗin kuma sau da yawa sai da umarnin kotu. Ɗan damfara kuwa ba ya kwana da kuɗi a asusu, kafin ka gama bin layi ya cire a wurin mai POS. Ka kira bankinka a cikin sa'ar da ka gane, ka ba su lambar nan mai tsawo da ke jikin rasit, wadda suke kira seshon aidi. A lura kuma: ko a shafin Paystack ne, in ka zaɓi tiransifa maimakon kati, tiransifa ka yi.

Yanzu ga inda harkarmu ta bambanta da ta mai sayen takalmi. Kayanmu masu rai ne. "Ban samu kaya ba" ƙorafi ne mai ƙarfi. "Ba abin da na biya aka kawo min ba" shi ma yana tafiya, in akwai shaida: ka biya kwali 4, wato tsaki 200, aka kawo 3; ka biya matan kaji masu ƙwai aka cika maka da zakaru; ka biya tarwadar da ta ɗan tasa aka kawo ƙanana kamar allura. Amma "sun mutu bayan kwana 3" da wuya ya ci. Mai kayan zai nuna takardar direba cewa ka karɓa, ya ce sanyin ɗakinka ne ko ruwan kwaminka, banki kuma ba likitan dabbobi ba ne. Wani lokacin ma gaskiyarsa ce. In ba ka ɗumama ɗaki ba kafin su iso, kar ka ɗora wa bawan Allah.

Don haka shaida tun a tasha take farawa. Ka kunna bidiyo kafin a buɗe kwalin farko, a ga direba, a ga ƙirga, a ga waɗanda suka mutu a hanya. Nau'in ISA Brown ana bambance su tun ranar ƙyanƙyasa, matan ja-ja, mazan fari-fari, ka duba da kyau. Tun kafin biya kuma ka sa ya rubuta maka nau'i, da adadi, da ranar isowa. Maganar baki a waya ba ta shiga fayil.

In abin ya faru, ka fara rubuta wa mai kayan kana neman kuɗinka, ka ɗauki hoton saƙon ko da bai amsa ba, domin banki zai tambaya ko ka neme shi. Sannan ka je reshen bankinka ka cike fom ɗin ƙorafi, ka haɗa da rasit da hotunan hirarku. Kar ka fito sai an ba ka lambar ƙorafin. In mako 2 ya wuce ba a warware ba, ka kai ga sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, CBN, da wannan lambar a hannunka, domin sai ka fara da bankinka suke saurarenka. Kamfani mai rajista da ya ƙi cika alkawari ana kai shi FCCPC. Wanda kuma tun farko ba shi da ko kaza ɗaya, wannan na 'yan sanda ne ko EFCC.

Ni dai a odar farko da baƙon mutum, ba na tura cikakken kuɗi ta tiransifa. Ko kati, ko ɗan kafin alƙalami sauran sai kaya sun sauka, ko in bi ta dilan garinmu da na san shagonsa ko da zai ɗora ɗan wani abu a kan kowane tsako. Wanda ya ce shi kamfani ne amma sunan da ya fito a asusun na wani mutum ne daban, a nan nake tsayawa.