Sake ƙidayar ƙuri'u da matsayin takardar sakamako: misalin Timiya a zaɓen 2021

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana duba abin da ƴan adawa suke nema idan suka ce a sake ƙidaya, tare da yin misali da zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Nijar na ranar 21 ga Fabrairu 2021. Abin da za mu nuna shi ne, a irin wannan taƙaddama, rikicin ya fi tsayawa a kan takardar sakamako da wanda ya sa mata hannu, bisa ga lissafin ƙuri'u kansa.

2. Yadda lamarin ya kasance

Ranar 23 ga Fabrairu hukumar zaɓe CENI ta ba Mohamed Bazoum na PNDS kashi 55,75 cikin ɗari, Mahamane Ousmane kuwa 44,25. Ousmane ya ƙi amincewa, ya ce shi ya ci da kashi 50,3. Cikin hujjojinsa har da Timiya, a duwatsun Abzin cikin jihar Agadas, inda ya ce an rubuta fitowar masu zaɓe kashi 103, kuma kashi 99 na ƙuri'un ga ɗan takarar gwamnati. Ya ƙara da cewa an tilasta wa wakilansa sa hannu. Ranar 21 ga Maris Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da Bazoum da kashi 55,66.

3. Abin da sake ƙidaya take iya warwarewa

A Nijar, a lokacin zaɓen 2021, ana ƙirga ƙuri'u a rumfar zaɓe gaban wakilan jam'iyyu, a rubuta adadin a takardar sakamako (procès-verbal). Takardar nan ce take tafiya Yamai, kuma a kanta alƙalai suke hukunci. Sake ƙidaya tana gyara kuskuren tarawa, ko saɓani kan ƙuri'ar da aka ce ta lalace. Irin wannan ne aka yi jayayya a kai a Florida ta Amurka a 2000, inda tazarar ta kasance ƙuri'a 537, har Kotun Ƙoli ta tsayar da ƙidayar.

Zargin Timiya wani iri ne. Idan ƙuri'u sun zarce masu rajista, ko an ƙirga su sau goma adadin yana nan yadda yake. Tambayar ita ce daga ina suka fito, kuma amsarta tana cikin jerin masu zaɓe da shaidar wakilai. A rumfa mai nisa, inda jam'iyya ɗaya kaɗai take da ƙarfin kai wakili, shaidar takan yi rauni. A Kenya ma, a 2017, kan takardun sakamako da hanyar aika su kotu ta soke zaɓen shugaban ƙasa.

4. Tushen rashin yarda

Shakkun yana da tarihi. A Yulin 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya rusa CENI ana tsakiyar tattara sakamako, ya kafa wata hukuma wadda ta ba shi kashi 52. Ousmane yana cikin ƴan takarar da aka tsare a gidajensu a lokacin.

5. Kammalawa

Saboda haka mai nazarin rikicin zaɓe ya kamata ya bi takarda ɗaya ɗaya: wa ya rubuta ta, wa ya shaida, wa ya ɗauke ta daga rumfa. Buga sakamakon kowace rumfa a fili shi ne zai ba kowane ɓangare damar gwada kwafin da ke hannunsa da abin da hukuma ta sanar.