Yadda Mutum Ɗaya Yake Rayuwa a Tsibirin Rust

Rust wasan kwamfuta ne da ake yi ta intanet, mallakar kamfanin Facepunch Studios na Ingila. An fara sayar da shi a Disamban 2013 tun ana kan gina shi, aka kammala shi a Fabrairun 2018. Mutum ɗari ko ɗari biyu, wani lokacin fiye, sukan haɗu a tsibiri ɗaya, kuma kowa yana farawa ne tsirara a bakin teku, ba shi da komai sai dutse guda da sandar wuta ta haska hanya. Yunwa tana kisa, haka sanyi da namun daji, amma mafi yawan mutuwa a hannun 'yan wasa take zuwa, domin duk abin da mutum ya tara, wanda ya kashe shi yana iya kwashewa.

Wanda ya shiga shi kaɗai ya shiga da babban giɓi. Ƙungiyar mutum takwas takan raba aiki: wasu suna haƙar ma'adinai, wasu gini, wasu gadi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tsibirin ba ya tsayawa don wani ya kashe kwamfutarsa. Jikin ɗan wasan yana nan kwance yana barci inda aka bar shi, gidansa da kayansa suna nan, kuma ba shi da abokin da zai karɓe shi gadi.

Aikin sa'ar farko sananne ne. A bar bakin teku da wuri, a tsinki rama a hanya har a sami ƙyalle 30 na shimfiɗar barci, wadda a kanta mutum zai farka in an kashe shi, sannan a haɗa baka da itace 200 da ƙyalle 50. Wajen zaɓar fili kuwa, yankin ƙanƙara ya fi yawan ma'adinai, shi ya sa manyan ƙungiyoyi suke rububinsa. Mai tafiya shi kaɗai ya fi samun kwanciyar hankali a lungun duwatsu ko cikin kurmi, nesa da hanyar da jama'a ke bi.

Gidan farko ɗaki biyu ne kawai. A ciki ake kafa kabad ɗin kayan gini, wanda ke cin itace 1,000. Shi ne ke hana baƙo yin gini a harabar, kuma a cikinsa ake zuba dutse da ƙarfen da gidan ke ci kullum, in sun ƙare ginin ya fara zubewa da kansa. Mashigar gidan takan zama kamar zaure mai ƙofa biyu: ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Dalili shi ne akwai masu laɓewa a bakin ƙofa da bindiga, suna jiran mai gida ya leƙo. In suka harbe shi ƙofar waje tana buɗe, abin da ke jikinsa kaɗai za su samu. Kowane bango kuma yana da gefe mai ƙarfi da gefe mai laushi, wanda ya juya mai laushin zuwa waje, da diga ma ana iya rushe masa bangon dutse.

Inda basirar take shi ne lissafin fasa gida. Babu ginin da ba ya fasuwa a Rust, sai dai kowanne da farashinsa, kuma da farar wuta ake biya, wadda da ita ake haɗa albarushi da nakiya. Nakiyar C4 guda tana cin farar wuta 2,200, roka guda 1,400. Ƙofar kwano tana tafiya da C4 ɗaya. Bangon dutse yana buƙatar biyu, ko roka huɗu; na kwano C4 huɗu; na sulke takwas. Kafin mahara su dasa nakiyar farko sai sun zagaya gidan, sun ƙirga ƙofofi, sun ƙiyasta abin da ke ciki, su ga ko riba za ta biya wahala. Saboda haka mai zama shi kaɗai yana neman abu biyu a lokaci guda: gidan ya yi tsadar fasawa, kuma daga waje ya yi kama da na matalauci. Ƙara ƙofofi uku ko huɗu a kan hanyar zuwa ɗakin kaya ya fi ɗaga hasumiya amfani, domin dogon gini da injin iska a samansa shela ce cewa akwai dukiya. Wannan ne wurin da sababbin shiga suka fi yin asara, sukan ƙawata gida su jawo wa kansu ido.

Daga nan ne kuma ɗabi'ar rarraba kaya ta fito. Akwai ƙaramar jaka da ake binnewa a ƙasa, akwai gida na biyu da ake ginawa can nesa da bindiga ɗaya da ɗan ƙarfe a ciki, ga shimfiɗun barci da ake warwatsawa a sassan tsibirin. Wanda ya yi haka, in aka fasa masa gida, rabin yini ya ishe shi ya miƙe.

Ci gaba a wasan yana rataye ne a kan tarkacen ƙarfe, da shi ake koyon ƙera makamai. Ana samun sa a gangunan bakin titi, ko a zuba kayan tsinta a injin niƙa. Akwai irin wannan inji a Outpost, sansanin da aka hana faɗa a cikinsa, bindigogi masu sarrafa kansu suna harbin duk wanda ya karya doka. Haɗarin yana kan hanyar komawa gida, don haka ƙwararru sun fi son gajerun fita da kaya kaɗan a jiki. Kunne yana da daraja kamar bindiga: ana jin takun mai gudu, wanda ya durƙusa yana rarrafe kuwa ba a jin sa, kuma hasken maƙera da dare yana nuna gidan da ke da mutum. Faɗa da mutum uku gaba da gaba ba ya yi wa ɗaya kyau. Abin da ke yi masa kyau shi ne ya bi ƙarar harbi, ya jira ɓangarori biyu su raunata juna, ya ɗauki bindiga ɗaya ya ɓace.

Duk da wannan dabara, yawancin gidaje ana fasa su ne mai su yana barci ko yana wajen aiki, kuma mai hana idonsa barci don gadin gidan wasa yana cutar lafiyarsa ne a kan abin da ba zai daɗe ba. Ranar Alhamis ta farko a kowane wata ana share dukkan tsibiran wasan, kowa ya koma bakin teku, wasu tsibiran ma mako-mako ake share su. Akwai kuma tsibiran da dokarsu ta hana haɗa ƙungiya, ko ta taƙaita ta ga mutum biyu ko uku. Ga mai karatu ko sana'a da ba shi da fiye da sa'a biyu a rana, nan ya fi dacewa ya fara.