Sanata ya tsaya wa ma'aikata ko bai tsaya ba? Ga abin da ya sa musun nan ba ya ƙarewa

Duk lokacin da maganar albashi ta taso, sai ka ji an ɗauko sunan Sanata Adams Oshiomhole a majalisun hira, daga Agege har Sabon Ibadan. Wasu su ce ai ɗan ƙwadago ne, ba zai taɓa juya wa ma'aikaci baya ba. Wasu su ce tun da ya ɗanɗana gwamna ya zama wani mutum daban. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Mutumin nan a masaƙar Kaduna ya fara aiki, ya riƙe ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, ya shugabanci NLC daga 1999 zuwa 2007, kuma shi ya ja yajin aikin da aka sha yi wa Obasanjo a kan kuɗin mai. Daga nan ya yi gwamnan Edo shekara takwas, ya shugabanci APC, yanzu tun 2023 yana wakiltar Edo ta Arewa a Majalisar Dattawa.

To amma in ka ce wa masu musun, a kawo takardar da ta nuna yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan dokar albashi, sai a yi shiru. Ba laifinsu ba ne. Takardar ce babu, kuma ba shi kaɗai ba, duk sanatoci 109 haka abin yake.

Majalisarmu da murya take yanke yawancin hukunci. Shugaban majalisa zai ce masu goyon baya su ce "aye", marasa goyon baya su ce "nay". Ya saurara, ya faɗi ɓangaren da ya ji ya fi ƙara, ya buga guduma. Shi ke nan. Ba a ƙirga hannu, ba a rubuta suna. Sanatan da ya ɗaga murya, da wanda ya yi gum, da wanda ya fita amsa waya, duk a takarda ɗaya suke: majalisa ta amince. Mu da muka tashi a kara mun san ko cinikin sa ɗaya sai an sami shaida da la'ada, a san wa ya sallama, wa ya saya. Amma dokar da za ta hau kan miliyoyin mutane sai ta wuce ba a san bakin wa ya furta me ba.

Haka aka yi ranar 23 ga Yuli, 2024. Bayan yajin aikin NLC da TUC na farkon watan Yuni, wanda har wutar ƙasa aka kashe, da doguwar ja-in-ja a kan adadi, an tsaya a naira 70,000. Ƙudurin ya shigo majalisa, aka yi masa karatu na ɗaya, na biyu da na uku a rana guda, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar 29 ga watan. Yau kowane sanata zai iya zuwa mazaɓarsa ya bugi ƙirji ya ce da shi aka yi, ba mai iya ƙaryata shi.

Akwai hanyar ƙirge fa, ba wai babu ba. Dokokin majalisar sun ba sanata damar ƙin yarda da hukuncin murya, ya nemi a kira suna ɗaya bayan ɗaya. An yi haka a Yulin 2021 a kan batun tura sakamakon zaɓe ta na'ura, lokacin da Sanata Enyinnaya Abaribe ya nema. Aka sami 52 a gefe guda, 28 a ɗaya gefen, 28 kuma ba su nan. Washegari jaridu suka buga sunayen, kowa ya ga nasa. Wataƙila shi ya sa ba a cika son yin hakan ba. Ko dokar ta-ɓaci da aka sa wa Jihar Ribas a Maris ɗin 2025, wadda tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu bisa uku, da murya aka wuce da ita. 'Yan uwanmu na Fatakwal ba su manta ba.

Yanzu ga inda ya fi damuna, don shi ne ya shafe mu kai tsaye. Mu ɗauka ma an rubuta sunaye, an ga sanatanka ya ce "aye". Wannan 70,000 ɗin, na waye?

Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ware waɗanda ba ta hau kansu ba. Duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, babu ruwansa da ita. Haka wanda ake biya kamasho, ko ake biya gwargwadon aikin da ya yi, da mai aikin wucin-gadi na 'yan sa'o'i, da mai aikin da ke bin lokaci kamar noma. Sai ka duba mutanenmu a Kudu. Ɗan dakon Mile 12 da ake biya a kan buhu. Yaron da ke rako shanu a tirela daga Potiskum ko Maigatari, kwana biyu ko uku yana tsaye a tsakaninsu yana tayar da wadda ta kwanta. Masu fiɗa a abatuwar Oko-Oba. Maigadin da ke kwana a ƙofar gidan wani a Lekki, shi kaɗai ne ma'aikacin gidan ko su uku da direba da mai aiki. Ba ko ɗaya a cikinsu da dokar ta rufe.

Lokacin da aka zartar da dokar, Shugaban Majalisar Dattawa Godswill Akpabio ya faɗa cewa har maigadi da direba da 'yar aiki ba za a biya su ƙasa da 70,000 ba. Maganar ta zagaya a WhatsApp, mutane suka yi murna. Sai dai gyaran da aka yi adadin kuɗin ya taɓa, da kuma wa'adin sake duba albashin, daga shekara biyar zuwa uku. Ƙa'idar mutum 25 tana nan inda take. In maigadi ya kai ƙara, alƙali abin da ke rubuce zai duba, ba abin da aka faɗa a gaban kyamara ba.

Kuma wannan lamba ba daga sama ta faɗo ba. Kafin 2019 mutum 50 ne, majalisa ce ta sauko da ita zuwa 25. Wanda ya iya rage ta sau ɗaya zai iya sake ragewa. Don haka ni a ganina, in za a auna sanata a kan ma'aikata, a nan ya kamata a auna shi, Oshiomhole ne ko wani. Ya taɓa kawo ƙudurin da zai shigar da ƙananan ma'aikata? Ya taɓa miƙewa ya yi magana a kai? Waɗannan kam suna barin sawu, domin kowane ƙuduri yana ɗauke da sunan wanda ya kawo shi, muhawarar zauren kuma ana nuna ta kai tsaye, bidiyonta yana YouTube. Jawabin ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu kowa ya iya shi.

Abu na ƙarshe da ake yawan ruɗewa a kai: wane ne ma sanatanka? Da yawa muna zaune a Legas muna zagin sanatan Kano ko na Sakkwato, alhali katin zaɓenmu na nan ne. In a Agege ka yi rajista, kana Legas ta Yamma, Sanata Idiat Adebule ce take wakiltarka. In a Mile 12 ne, Legas ta Gabas ke nan, wurin Sanata Tokunbo Abiru. Su ne suke buƙatar ƙuri'arka, su ne kuma za su saurara in Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa suka je da takarda a hannu.

Bisa wa'adin shekara uku, a 2027 za a sake zama a kan albashi, shekarar zaɓe ke nan. Za su zo Zango da kara da abatuwa neman ƙuri'a, da tafinta da buhunan shinkafa. Ni dai tambayoyi biyu na tanada: za ka nemi a rage mutum 25 ɗin nan, kuma ranar da za a kaɗa ƙuri'a a kai, za ka miƙe ka ce a kira suna?