Tsiron Bazara Da Mutuwar Dabbobi Farat Ɗaya: Guba Ce Ko Ciwon Saifa?

Duk makiyayi ya san cewa babu lokacin da ya kai bazara wuya ga dabba. Daga watan Maris zuwa Mayu ciyawa ta ƙare a daji, kara da harawar da aka tanada sun yi ƙasa, shanu sun rame. A irin wannan hali dabba ba ta zaɓen abin da za ta ci; duk wani kore da ta gani sai ta kai baki. Wannan ne ya sa a wannan lokaci ake yawan samun saniya ta fita kiwo lafiya lau da safe, kafin azahar ta faɗi. Sau da yawa sanadin yana cikin abin da ta ci, amma wani lokaci cuta ce mai kama har mutane. Rarrabe waɗannan biyu shi ne abin da ya wajaba kowane mai dabbobi ya iya.

Tsirrai uku da ya kamata a sani

Na farko shi ne tururibi, wanda masana ke kira Gnidia kraussiana. Ɗan gajeren tsiro ne mai saiwa mai kauri, wadda wuta ba ta kashewa. Da zarar an yi toyi a daji sai ya riga sauran tsirrai tohowa, ya fitar da fure ruwan ɗorawa a dunƙule bisa kan kowane reshe. Dabbar da ta ci shi takan kamu da zawo mai tsanani, wani lokaci da jini, domin gubarsa tana ƙona tumbi da hanji. Mutuwa kan biyo baya cikin ɗan lokaci.

Na biyu shi ne gyauron dawa, wato tohon da ke fitowa daga kututturen dawa bayan girbi, ko bayan yayyafin farko. Ɗanyen ganyen ƙaramar dawa yana ɗauke da wani sinadari wanda, idan ya isa tumbi, yake sakin gubar sayanaid. Aikin wannan guba shi ne ta hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin da jini ya kawo musu. Saboda haka sai a ga dabba tana haki, tana dalala, tana rawar jiki, ta faɗi, wani lokaci kafin awa guda ta cika. Jininta kuwa yakan kasance ja wur. Gubar ta fi yawa a tsiron da bai kai santimita 60 ba, da wanda fari ya takura. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci shi ma yana da irin wannan guba, shi ya sa ake shanya shi ya bushe sosai kafin a bai wa dabba.

Na uku shi ne samberu, bishiyar dajin da gubar ganyenta ke taɓa zuciya. Dabbobin da suka tashi a yankin da take sukan kauce mata. Waɗanda aka kawo daga nesa ne suka fi faɗawa, domin ba su san ta ba. Don haka duk wanda ya sayo dabba daga wata ƙasa, ko ya kai garkensa sabon mashaya, sai ya fara tambayar makiyayan wurin abin da ke dajinsu.

Inda haɗarin yake

Ciwon saifa shi ma yana kashe dabba farat ɗaya, ba tare da doguwar jinya ba. Ƙwayar cutar da ke haddasa shi, Bacillus anthracis, tana iya zama cikin ƙasa shekaru masu yawa ba ta mutu ba, dabba kuma ta haɗiye ta yayin da take kiwo daf da ƙasa a lokacin ƙarancin ciyawa. Alamominsa sun bambanta da na guba: baƙin jini wanda ba ya daskarewa yakan fito ta hanci da baki da dubura, gawar takan kumbura da wuri, kuma ba ta sandarewa yadda aka saba. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar wannan ciwo a wata gonar dabbobi da ke Suleja a Jihar Neja.

Al'adar da aka saba da ita ita ce, idan dabba ta faɗi sai a yi maza a yanka ta don kada ta zama mushe, a feɗe, a sayar da naman da araha. Idan saifa ce, wannan aiki yana jefa mahauci da majemi da mai cin naman cikin haɗari, jinin da ya zuba kuma ya gurɓata wurin har tsawon shekaru. Abin da ya dace shi ne kada a buɗe gawar, a kira malamin dabbobi, sa'annan a ƙone ta ko a binne ta a rami mai zurfin kamar mita 2.

Matakan kariya

Mafi yawan wannan asara ana iya kauce mata tun kafin bazara ta zo. A tanadi harawa da kara da dusa tun da kaka, a kuma bai wa dabbobi ɗan abin da za su ci kafin su fita kiwo, domin mai yunwa ce ke cin guba. A hana su shiga gonar dawa mai gyauro. A zagaya wurin da aka yi toyi kafin a saki garke, a tone tururibi tun daga saiwa, domin sara kawai ba ya kashe shi. Idan an yi zaton dabba ta ci guba, a janye sauran garken daga wurin nan take, a ɗebi tsiron da ganyensa da furensa a nuna wa malamin dabbobi. Gubar gyauro tana da allura, amma sai an yi gaggawa.

Game da saifa kuwa, allurar rigakafi sau ɗaya a shekara ita ce garkuwa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura, kuma ana neman ta ta hannun ofisoshin kula da dabbobi na jihohi. Kuɗin yi wa garke guda allura bai kai kuɗin saniya ɗaya ba.