Ruwan da Ya Malala Cikin Fadama Ba Asara Ba Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan kwangila da wasu ma'aikatan gwamnati, har da masu ilimin da ya kamata su fi kowa sani, cewa ruwan da ya malala cikin fadama ya kwanta har rana ta shanye shi asara ce, kuma nazarin da doka ta wajabta kafin a gina madatsar ruwa ko hanya ko rukunin gidaje takarda ce kawai ta cika sharaɗi, wadda ake biyan wani ya rubuta domin a samu izinin fara aiki. Wannan gurguwar fahimta ce ta sa ake ganin rahotanni masu kauri waɗanda marubutansu ba su taɓa jiƙa ƙafarsu a wurin da suke bayani a kai ba, wasu ma an kwafo su ne daga rahoton wani aiki na wata jiha, aka sauya sunayen garuruwa kawai.

Dausayi shi ne ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, ko duk shekara ko na wasu watanni, kamar fadama da tafki da bakin kogi. Nazarin tasirin aiki ga muhalli kuwa bincike ne da ake yi kafin a fara babban aiki domin a gano abin da zai lalata da yadda za a rage ɓarnar, kuma a Nijeriya Doka ta 86 ta shekarar 1992 ce ta wajabta shi, shekaru huɗu bayan badaƙalar jibge sharar guba a garin Koko a 1988. Masu ba da shawara kan muhalli su ne ƙwararrun da mai aikin ke ɗauka su gudanar da binciken, su miƙa wa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Ƙa'idar sana'arsu tana da tsari: a fara da kauce wa ɓarnar gaba ɗaya, in bai yiwu ba a rage ta, sannan a gyara abin da aka taɓa, a ƙarshe ne ake maganar musanya, wato a farfaɗo da wani dausayin a madadin wanda aka rasa.

Wanda yake ganin malalar ruwa asara ce ya kamata ya dubi dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa cikin rassa da tafkuna tsakanin jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke ratsa Gashuwa da Gaidam, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta yankin Diffa zuwa Tafkin Chadi. A wannan yanki ruwa guda ne ke ciyar da mutane kashi-kashi a lokuta daban-daban na shekara: idan ya cika da damina manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kafa komarsa domin kifi na hayayyafa ne a cikin ciyawar da ruwa ya rufe, idan ya fara janyewa a shuka wake da masara da kayan lambu a kan laimar da ya bari, idan rani ya tsananta makiyayi ya sauko da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Ban da wannan akwai kaba da goruba da itacen girki da kanwa da mata da matasa ke samun abin sawa a bakin salati da su. Abin da ido ba ya gani kuma shi ne mafi girma, domin ruwan da ake cewa ya ɓata yana tsiyaya ne cikin ƙasa ya cika taskar da rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogin ke sha daga gare ta.

A saman wannan dausayi, an kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu domin noman rani da samar wa birnin Kano ruwan sha, kuma babu mai musun amfanin da manoman Kadawa da Kura suka samu. Sai dai filin da ambaliyar shekara-shekara ke rufewa a dausayin, wanda a da yake haura murabba'in kilomita 2,000, ya koma ƙasa da 1,000 a shekaru da dama bayan haka. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da noma da kamun kifi da itace ke samarwa a dausayin, suka kwatanta da abin da shirin noman rani na kogin Kano ke samarwa daga adadin ruwa iri ɗaya, sai suka tarar ribar dausayin ta ninka ta shirin sau da yawa, alhali ba su ma sa kiwo da cikar rijiyoyi a lissafin ba. Ashe ruwan da injiniya ya rubuta a matsayin asara shi ne wanda ya fi kawo riba, illa dai masu cin ribar talakawa ne da ba a rubuta cinikinsu a kundin kowace ma'aikata ba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga raguwar ruwa ba, domin sauya lokacinsa ma ɓarna ce. A da rassan kogin suna bushewa da rani, bushewar kuma tana kashe ciyawar da ke son zama cikin ruwa. Da aka fara sakin ruwa daga madatsun kusan duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta tara laka, ta karkatar da ruwa zuwa rafin Marma da tafkin Nguru har gonaki suka nutse, wasu rassan kuwa suka ƙafe. Cikin wannan kacala ne tsuntsayen jan-baki ke samun mafaka, daga nan su far wa gonakin gero da shinkafa. Fari na shekarun 1970 da 1980 da ƙaruwar jama'a su ma suna da nasu kason. Amma wanda ya ce rahoton muhalli ado ne sai ya tambayi ƙauyukan da suke fita gayya da lauje suna sare kacala a cikin ruwa har ƙirji, shekara bayan shekara, ko da sun so a ce wani ya yi wannan tunanin tun kafin a zuba siminti.

Haka nan ake yi wa ƙidayar tsuntsaye dariya, ana cewa sha'awar Turawa ce. Gaskiya ne agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu ƙaura suna tasowa daga Turai da Asiya su ketare Sahara su yi hunturu a nan tare da dinya da kirinjijiya da zalɓe, kuma saboda su ne tafkin Nguru da rafin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Amma tsuntsun ruwa ma'auni ne mafi arha da ke akwai, domin ba ya sauka sai inda akwai kifi da ƙwari da ruwa mai daidai zurfi, kuma idan ƙidayar watan Janairu ta nuna wani nau'i yana raguwa shekaru a jere a tafki guda, to abincinsa ne ya ragu, abincin nan kuwa shi ne na masunci.

Saboda haka nazarin da ya amsa sunansa dole ya ratsa damina da rani duka, domin wanda ya je fadama a watan Maris kaɗai zai rubuta cewa busasshen fili ya gani, wanda ya je a Satumba kaɗai kuma ba zai ga makiyayi ko tsuntsu mai ƙaura ba. Dole iyakar binciken ta bi ruwa har inda ya tsaya, ba ta tsaya a shingen aikin ba, tunda Tiga tana jihar Kano amma raɗaɗinta a Yobe aka ji shi. Dole kuma a zauna da sarkin ruwa da arɗo da bulama da mata masu saƙar kaba, ba a tara masu riƙe da muƙami a sakatariyar ƙaramar hukuma a ɗauki hoto a ce an tuntuɓi jama'a ba, domin tsohon masunci ya san nau'in kifin da ya ɓace da shekarar da ya ɓace. Tsarin ma'aikatar ya tanadi a baje rahoton na kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su yi ƙorafi, amma rahoto mai ɗaruruwan shafuka cikin Turanci da aka ajiye a ofis bai isa ga kowa ba. Haƙƙin al'umma ne su nemi a taƙaita shi da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, a karanta a rediyo da ƙofar mai gari, kuma su rubuta ƙorafinsu kafin wa'adin ya cika.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne sa ido bayan an gama aiki. Ya kamata rahoton ya faɗi wanda zai auna zurfin rijiyoyi da faɗin ambaliya da yawan kifi da tsuntsaye, sau nawa a shekara, da kuɗin wa, da kuma matakin da za a ɗauka idan adadin ya faɗi, kamar sakin ruwa daga madatsa a lokacin da ya dace da cikar kogi ta asali. Alkawarin musanya kuwa a karɓe shi da taka-tsantsan, domin ko a Amurka, inda aka ɗauki manufar hana raguwar dausayi tun ƙarshen shekarun 1980, wani bita da majalisar binciken kimiyya ta ƙasar ta fitar a 2001 ya nuna ba a cimma manufar ba, saboda dausayin da aka haƙa da injin ba kasafai yake yin aikin na asali ba. Ƙwararren da ya sa hannu a kan rahoton da ya san ƙarya ne domin mai biyansa ya ji daɗi ya ci amanar mutanen da ba su san sunansa ba, kuma kamata ya yi ma'aikatar ta cire irinsa daga rajista.

Wannan duka bai zama tarihi ba, domin maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are a jihar Bauchi, wadda aka fara aka dakatar tun shekaru da dama, tana sake tasowa lokaci-lokaci, kuma Jama'are ne kogin da har yanzu yake kai mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da garuruwan da ke ƙasa da ita.