Ranar Da Wutar Kwal Ta Mutu A Ingila

A ranar 30 ga watan Satumba na shekarar 2024 aka rufe tashar wutar lantarki ta Ratcliffe-on-Soar, kusa da birnin Nottingham. Ita ce tasha ta ƙarshe mai ƙona kwal a duk faɗin Birtaniya, ƙasar da ta fara kafa irinta a Landan tun cikin 1882. An yi murnar rabuwa da hayaƙi, kuma murnar tana bisa hanya. Amma duk wanda ya san yadda aka iso wannan rana, tilas ya tuna da mutanen da aka tattake a kan hanya.

Jama'a, mai son fahimtar siyasar Ingila sai ya leƙa ramin kwal. Kwal ne ya ja jiragen ƙasa da na ruwa, shi ya narka ƙarfe, shi ya juya injunan masaƙun Manchester. A wajajen 1920 masu haƙarsa sun haura mutum miliyan ɗaya. A 1947 gwamnatin jam'iyyar Leba ta karɓe ramukan daga hannun attajirai ta mai da su mallakar ƙasa. Ƙungiyar mahaƙan ta yi ƙarfi, har ta kai a farkon 1974, sa'ad da suka yi rigima da gwamnati a kan albashi, Firayim Minista Edward Heath ya taƙaita wa masana'antu wuta zuwa kwana 3 a mako. Ya kira zaɓe don jama'a su faɗi mai mulkin ƙasar, ko shi ko 'yan ƙwadago, ya kuwa rasa kujerarsa.

Uwargida Margaret Thatcher tana cikin ministocin Heath, ta kuma ga abin da ya same shi. Da ta hau mulki a 1979, aka kawo maganar rufe wasu ramuka a 1981, mahaƙa suka tayar, sai ta janye. To, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Gwamnati ta shiga tara kwal tsibi-tsibi a tashoshin lantarki, ta kuma yi dokokin rage wa ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi. A watan Maris na 1984 Hukumar Kwal, a ƙarƙashin Ian MacGregor, ta ba da sanarwar shirin da zai rufe ramuka 20, mutum 20,000 su rasa aiki. Shugaban mahaƙa, Arthur Scargill, ya ja mutanensa zuwa yaji.

Nan ne fa aka yi kuskuren da har yau ake gardama a kansa. Scargill bai kira ƙuri'ar dukkan 'yan ƙungiya ba, saboda haka yawancin mahaƙan lardin Nottingham suka ƙi ajiye aiki. Sai bango ya tsage, ƙadangare kuwa ya sami wurin shiga. Uba ya daina magana da ɗansa, maƙwabci da maƙwabci. Matan mahaƙa suka buɗe wuraren dafa abinci na gayya don kada yara su kwana da yunwa. A ranar 18 ga Yuni, 'yan sanda bisa dawakai suka far wa masu yaji da kulake a Orgreave. An gurfanar da mutum 95, amma shari'ar ta wargaje a 1985 da aka ga shaidar 'yan sandan ba ta tsaya ba. Sai a 2025 gwamnati ta amince a yi binciken hukuma a kan abin da ya auku.

A ranar 3 ga Maris na 1985 wakilan ƙungiya suka jefa ƙuri'a, 98 da 91, a koma aiki ba tare da an sami komai ba. Daga nan aka shiga rufe ramuka babu ƙaƙƙautawa. A 1992 aka yi shelar rufe 31 daga cikin 50 da suka rage, har da na waɗanda suka ƙi shiga yajin. A watan Disamba na 2015 aka rufe Kellingley, babban rami mai zurfi na ƙarshe.

Gaskiya ɗaya ce, kwanan kwal ya riga ya ƙare. Na ƙasashen waje ya fi araha, ga kuma iskar gas daga Tekun Arewa. Laifin shi ne an rufe wa gari hanyar abincinsa ba a tanadar masa wata ba. A Shirebrook, inda aka rufe rami a 1993, an gina ƙaton ɗakin ajiyar kaya a filin, ana ɗaukar mutane aiki maras tabbas a kan ƙaramin albashi.

Mutanen ba su manta ba. A ƙuri'ar 2016, sama da kashi 70 cikin 100 na masu zaɓe a gundumar Bolsover, inda Shirebrook take, suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. A 2019 suka kayar da Dennis Skinner na Leba, tsohon mahaƙi, wanda ya wakilce su tun 1970. A 2024 suka sake juyawa suka kori ɗan Konsabatif ɗin da ya gaje shi. Wato dai sun gwada kowa, ba su ga wanda ya share musu hawaye ba.

Gwamnati na iya karya yaji cikin shekara guda, amma ga shi an shekara 40 tana biyan bashin. Mai mulki duk inda yake, in zai rushe rumfar da talaka ke fakewa, to, ya fara kafa masa wata tukuna. Allah Ya sa masu mulki su ji.